Wa Ya Yanke Ƙarafan Injin Baba?

Ihun Babban Yaya ne ya tara mutanen layin da safiyar ranar. Shi da ƙaninsa Auta sun yi kwana biyu a wani gari, sun kai bencinan makaranta da suka ƙera, suka bar shagonsu na kafinta a kulle. Da suka dawo kwaɗon ƙofa na nan yadda suka bar shi, guduma da cizil da tef kowanne na rataye a ƙusarsa. Abu ɗaya tak aka taɓa, shi ne injin tsaga katako na mahaifinsu.

Injin tsohon tebur ne na ƙarfe, da zarto mai zagaye a tsakiyarsa. A gabansa da bayansa akwai dogayen bututun ƙarfe biyu, a kansu geji yake zamewa, wato ƙarfen da ake jingina katako a jikinsa don tsagar ta fita a miƙe. Shekara hamsin da ɗoriya ƙarafan nan suna miƙe zuwa dama, sun zarce teburin har sun kusa taɓa bango, ta yadda duk mai son bi ta ƙaramar ƙofar da ke shiga cikin gida sai ya karkace ya tsuke ciki. Yanzu an datse kusan ƙafa biyu daga kowanne, guntayen kuma sun yi ɓatan dabo.

Babban Yaya, mutum mai shekara hamsin da furfura a gemu, ya tsaya yana shafa wurin yankan kamar mai duba rauni.

Ya ce, "Da shagon aka kwashe kaf aka bar mini injin nan, da na haƙura. A wannan guntun da aka cire alamomin Baba suke. Da hannunsa ya zana su da magagari. Ga faɗin ƙofa, ga na teburin cin abinci, ga na gadon jaririn da ya yi mini tun ban zo duniya ba. Na rantse, duk wanda ya yi wannan, ko ciki ɗaya muka fito, ba ni ba shi har abada."

Ya faɗi haka yana kallon Auta. Kowa a layin ya san shekara guda ke nan Auta yana nacin a rage ƙarafan don a sami wurin ajiye injin goge katako, yayan kuma yana cewa sai dai bayan ransa.

Kafin Auta ya buɗe baki, wani daga cikin taron ya ce jiya da rana ya ga kurar da Ɗan Gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, yake tura kaya da ita a ƙarƙashin tagar shagon. Wani ya tuna cewa sandar tagar ɗaya ta daɗe a kwance. Nan da nan aka je aka taso ƙeyar bawan Allah, aka zaunar da shi a rumfar Mai Walda, aka fara zancen 'yan sanda.

Auta ya sulale, ya tafi kiran Mai Sawu.

*

Mai Sawu tsoho ne siriri, abokin mahaifinsu tun suna samari. A zamaninsa in aka saci saniya ko aka haura katanga, shi ake tasowa. Zai duƙa ya dubi ƙasa ya ce ɓarawon gajere ne, yana ɗingishi, kuma ya sha ruwa kafin ya wuce. Yanzu an malale titunan da kwalta, an shafe tsakar gidaje da siminti, ƙasa ta daina ba da labari. Shekara bakwai rabon da wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa saboda sana'arsa.

Da ya iso ya ga mutane sun cika shagon, sai ya dogara sandarsa ya girgiza kai.

"Kun kira ni karatu, kun riga kun goge allon. Ku fita duka, har da masu shagon."

Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Ƙamshin garin katako ya doke shi, ya ɗan tsaya. Yana cikin mutum shida da suka sauke injin nan daga mota ranar da aka kawo shi, har yatsansa ya maƙale a ƙarƙashin ƙafar tebur, farcen bai sake fitowa daidai ba. A lokacin shagon fili ne fetal, kana iya juya katako mai tsawon mutum biyu ba ka taɓa komai ba. Yau kujerun da ba a gama ba sun kai rufi, ragowar katakai sun cinye kusurwoyi.

Ya fara da bakin yankan. Ya shafa da babban yatsa, ya shinshina, ya tsugunna ya tsinci garin ƙarfe a ƙasa ya murza. Ya tura gejin zuwa ƙarshe, ya ji ya tsaya cak. Ƙaramin matsen da ke hana shi zamewa ya faɗi, wanda a da yake can ƙarshen bututun, an dawo da shi sabon bakin an ɗaure tam.

Daga nan ya rarrafa bayan injin, lungun da ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba. An yi shara a wurin, amma tsintsiyar ba ta shiga gefen bango ba. A kan garin katakon akwai layi biyu siri-siri na taya, a tsakaninsu kuma sawun silifa. Ya daɗe yana kallo. Ya kwantar da sandarsa tsakanin layukan, ya zaro 'yar wuƙa ya yi tsaga a jikin sandar daidai faɗinsu.

Babban Yaya da ke leƙe ta ƙofa ya hango. "Sawun taya! Ai magana ta ƙare, kurar Ɗan Gwangwan ce!"

Mai Sawu ya ce, "Kai ne mai bin sawun ko ni?"

*

A rumfar walda ya tarar da Ɗan Gwangwan zaune a kan wani tsohon batir, rigarsa ta yage a wuya inda aka shaƙe shi.

"Baba, wallahi inuwa na sha a ƙarƙashin tagar nan. Shekara goma ina bin layin nan, ko ƙusa ban taɓa ɗauka ba a ba ni ba."

"Da kana shan inuwar, me ka ji?"

Ɗan Gwangwan ya yi tunani. "Kamar ana goga wani abu, ƙuruf-ƙuruf, a yi a tsaya, a yi a tsaya. Na ɗauka masu shagon ne."

"Ba ka ji magana ba?"

"Na ji kamar dariya. Amma da Mai Walda ya ta da injinsa, ko kiran sunanka aka yi ba ka ji."

Mai Sawu ya fita ya gwada sandarsa a kan tayoyin kurar. Sun fi tsagar faɗi da taƙi guda, ga su kauri da zane kamar na babur. Ya juya wajen Mai Walda, wanda ya riga ya haɗe rai don ya ji wasu na raɗa cewa shi ma ai ƙarfe ne abincinsa.

Mai Sawu ya tambaye shi, "In kai za ka yanke bututun nan biyu, yaya za ka yi?"

"Da giranda mana, injin yankan ƙarfe. Kafin ka gama gaisuwa na gama."

"Bakin yankan fa?"

"Zai ƙone ya yi shuɗi-shuɗi."

"To wannan fari ne tas. Da zarton hannu aka yi shi, kuma an canja hannu ya fi sau goma, don yankan ya karkace nan ya dawo can. Wanda ya yi ya kusa wuni a kai. Bayan ya gama ya bi bakin da magagari, ya shafa mai."

Mai Walda ya saki fuska. "Ɓarawo da shafa mai? Ashe akwai masu ladabi a cikinsu."

*

Auta yana zaune a kan tarin katako a bayan shago. Shi ma ya ba arba'in baya, amma har yau in yayansa ya ɗaga murya sai ya sunkuyar da kai.

Mai Sawu ya zauna kusa da shi. "An ce kai ne mai son a rage ƙarafan."

"Ni ne, Baba, ban ɓoye ba. Ka duba, yaushe rabonmu da tsaga katakon da faɗinsa ya kai ƙarshen ƙarafan nan? Manyan allunan yanzu a yanke muke sayo su. Rabin bututun nan ba ya aikin komai sai yaga mana riguna da bugun ƙugu. Na ce masa a yanke daga can dama, lambobin awon da ke jiki ba za su taɓu ba, injin zai yi aikinsa yadda ya saba. Ya ce ina son in yanke hannun Baba yana da rai."

"Ko ka sa wani ya yi maka kuna can?"

"Da zan yi haka da na yi tuntuni. Kuma makulli ɗaya ne, yana aljihun Yaya."

"Ƙofar cikin gida fa?"

"Ta ciki ake saka mata sakata. Ba kowa a gidan sai Inna da Baba, iyalanmu suna can sabuwar unguwa. Shi Baba ka san halin da yake ciki, shekara biyu ɓarin jikinsa a shanye. Inna kuwa ko ƙusa ce ta fita a kujera sai ta jira mu."

Mai Sawu ya yi ɗan murmushi. "Haka ne? Yaushe rabon mahaifinku da shiga shago?"

"Tun da ya kwanta. Yaya ya ce ƙurar katako ba ta da kyau ga ƙirjinsa."

"Shi ya ce muku ba ya so?"

Auta ya sosa ƙeya. "Maganarsa ba ta fita sosai. In muka shiga gaishe shi yakan yi ta nuna wajen shago yana faɗin wani abu. Mukan ce masa, 'Aiki na tafiya lafiya, Baba, ka huta.'"

Mai Sawu ya tashi ya kaɗe rigarsa. "Bari in shiga in gai da abokina."

*

Ya zaga ta babbar ƙofa ya yi sallama. Inna ta amsa daga bakin ɗaki, 'yar tsohuwa gajera, ta rufe hannayenta da gefen mayafi. Tsohon Kafinta yana zaune a inuwa cikin keken marasa lafiya, hannun dama a kwance kan cinya. Da ya ga baƙon, rabin fuskarsa ya yi dariya.

Mai Sawu ya ce, "Kafinta, har yanzu kana nan kana cin abincin mutane?"

Tsohon ya yi wata magana a nannaɗe. Inna ta fassara, "Ya ce kai ma mutuwa ta bi sawunka ta rasa."

Suka yi dariya su uku. Mai Sawu ya jawo kujera, ya yi kamar zai ajiye sandarsa, sai ya kwantar da ita a ƙasa gaban keken. Tsagar ta faɗa daidai kan tayar. Ya sa yatsa tsakanin wayoyin ƙafar keken, ya fito da garin katako.

Ya juya wajen Inna.

Ya ce a hankali, "Matar abokina, in ga hannun."

Ta janye mayafin, ta buɗe. Tafukan biyu duk ƙuraje ne na bororo, wasu sun fashe.

"Na san sawunki tun kafin in shigo. Har yau kina jan dugadugin hagu, kamar lokacin da kike riƙe masa bakin katako."

Idanunta suka kawo ruwa. "Kai kaɗai ka rage da ya san wannan. Yaran nan sun buɗi ido sun ga shago cike da ma'aikata, sun ɗauka haka aka fara. Shekara huɗu ni ce mai karɓar katako a bayan injin nan, da goyo a bayana."

"Me ya hana ki faɗa musu da safe?"

"Na taso zan fita, sai na jiyo rantsuwar babban. Na koma na zauna. Yanzu kuma aka ce mini an kama wani. Mayafin nan da ka gani, fita zan yi."

Ta ba shi labari. Shekara biyu tsohon yana jin kukan injinsa ta bango, yana roƙo a kai shi ya gani. Keken ba ya wuce ƙaramar ƙofar saboda ƙarafan, ta titi kuma matakala uku ne da kwata. Ta yi wa babban magana sau biyu, ya ce likita ya hana ƙura, kuma injin Baba ba mai taɓa shi. Da yaran suka yi tafiya, tsohon ya ce ta tura shi bakin ƙofar. Shi ya auna da hannun hagu, ya nuna mata inda za ta yanka, ta dama, nesa da lambobin awon. Ta yi ta gogawa tana hutawa tun hantsi har rana ta karkata. Da bututu na biyu ya faɗi, ta tura tsohon ya shiga, ya zaga injin sau uku.

Ta ce, "Rabon da in ji ya yi dariya irin ta jiya, na manta."

Mai Sawu ya dubi abokinsa. "Kai da ka zana alamomin nan da hannunka, ba ka ji ciwon yanke su ba?"

Tsohon ya buga ƙirjinsa da yatsa, ya yi magana. Wannan karon Mai Sawu bai jira fassara ba, ya kasa kunne har ya gane da kansa. Cewa ya yi awon yana nan a cikin kansa, ƙarfe kuwa ƙarfe ne.

*

Bayan la'asar Mai Sawu ya tara su a shagon: Babban Yaya da Auta, Mai Walda, da Ɗan Gwangwan. Sauran mutanen layi suka cika bakin ƙofa da taga.

Ya ce, "Ba giranda aka sa ba, don haka Mai Walda ya fita. Tayar da ta shiga nan ta fi ta kura ƙanƙanta, kuma ba a taɓa shigar da kura ta taga ba, don haka wannan bawan Allah an yaga masa riga a banza. Auta yana tare da yayansa a wani gari. Saura tambaya ɗaya. Wane ɓarawo ne zai wuni yana yanka, ya goge bakin don kada ya ji wa wani ciwo, ya mayar da matsen geji, ya yi shara? Wanda ya yi wannan yana ƙaunar injin nan. Ba ƙarfen yake so ba, hanya yake nema."

Ya ɗaga sandarsa, ya sa ta tsakanin sabon bakin bututun da bango. Tsagar ta shige da ragowar yatsa biyu.

Ya ɗaga murya. "A buɗe!"

Aka ji ƙarar sakata. Ƙaramar ƙofar ta buɗe, ƙafafun keken suka fara leƙowa. Inna ta turo mijinta, ya wuce ta gefen injin ba tare da ya gogi komai ba. A kan cinyarsa guntayen bututun biyu ne, a naɗe cikin tsohon zane.

Babban Yaya ya dubi keken, ya dubi hannayen mahaifiyarsa, bakinsa a buɗe.

Inna ta ce, "Ni ce. Shi ya auna, ni na yanka. Na gaya maka sau biyu, ba ka ji ba. Shi kuma ya gaya maka kullum."

Babban Yaya ya durƙushe a kan garin katako. "Inna, na yi rantsuwa a gaban mutane."

Mai Sawu ya ce, "Ina da labarinta. Cewa ka yi ko ciki ɗaya kuka fito. Ba ka ce ko cikin da ka fito daga gare shi ba. Tashi, ka nemi gafarar Ubangijinka kan saurin baki, amma ka fara da wannan da ka sa aka shaƙe."

Dariya ta ɓarke a bakin ƙofa, har da masu share ido. Babban Yaya ya je ya kama hannun Ɗan Gwangwan da hannu biyu, ya ba shi haƙuri, ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙa masa. Ɗan Gwangwan ya karɓa ya gwada a kafaɗa, ya ce ya yafe, amma daga yau inuwar tagar nan tasa ce, kada wanda ya tashe shi.

Sannan Babban Yaya ya juya ga ƙaninsa. Ya fara ba shi haƙuri. Auta ya ce, "Bar shi, Yaya," ya kama gefen bencin da ya tare hanya, suka ɗaga tare suka matsar.

Tsohon Kafinta bai kula da kowa ba. Ya ja kansa da hannun hagu har bakin teburin, ya tura gejin gaba, ya dawo da shi. Ya sa babban yatsa ya bi haƙoran zarton ɗaya bayan ɗaya. Fuskarsa ta canja. Ya yi magana.

Babban Yaya ya fara cewa, "Aiki na tafiya lafi..." sai ya haɗiye sauran. Ya tsugunna, ya kai kunnensa kusa da bakin mahaifinsa. "Sake faɗa, Baba. Ina ji."

Tsohon ya maimaita a hankali, kalma bayan kalma, har na bakin ƙofa suka ji.

"Zarton... ya... dakushe. Wa... ya koya... maka... aiki?"

Babban Yaya ya miƙe zumbur, hawaye na bin gemunsa, yana laluben aljihu yana waige-waige.

"Auta, ina sifana, mu kwance zarton mu wasa? Yi sauri mana, Baba na jira!"